Kifin Auta

Mahaifinmu masunci ne, a kan kogin Kwara ya yi ƙuruciyarsa da girmansa. Abin da na tashi na sani game da shi ke nan: ya fita da asuba, ya dawo yana ƙarnin kifi, tafin ƙafarsa ya yi fari saboda jiƙa. Lokacin da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ni ce a gida. Mijina ya rasu, na gama takaba na dawo Bagudo, na shiga ɗakin mahaifiyarmu wadda ita ma ta daɗe da rasuwa, na ajiye keken ɗinkina a bakin ƙofa. Saboda haka ba wanda ya zauna ya raba aiki. Jinya ta same ni a inda nake, na ɗauka.

Cikin 'ya'yansa mu biyu muka rage wa Baba a duniya, ni ta fari da ƙanina na ƙarshe, wanda kowa ke ce wa Auta. Yana zaune a Illo da matarsa, yana safarar kaya tsakanin can da Malanbil ta ƙasar Benin. Yakan zo mana jefi-jefi, ya sha ruwa, ya zauna kusa da Baba na ɗan lokaci, kafin la'asar ya ce hanya na kiransa.

Bayan an sallamo Baba daga asibiti maganarsa ta dawo, ko da yake da nauyi, amma ransa bai dawo ba. Sai ya juya fuska ga bango ya yi shiru. Na dama kunun gyaɗa, na yi farfesun kifi irin wanda yake so, na kira tsofaffin abokansa na bakin ruwa su zo su ɗebe masa kewa. Ya ci loma biyu ya ture kwano, abokan su gaji da magana su kaɗai su tafi. Ni ke juya shi, ni ke wanke kayan shimfiɗarsa, ni ke matsa masa hannun da ya mutu da man zafi safe da yamma. A duk watannin nan ban ga haƙorinsa ba.

Ran nan da hantsi sai ga Auta a motar haya, shi da direba suna rungume da wani abu da aka naɗe da tsohuwar katifa. Da aka kwance, akwatin gilashi ne, tsawonsa bai kai kamu biyu ba. Auta ya sa aka ɗora shi a kan teburi daidai inda idon Baba zai faɗa. Ya zuba tsakuwa masu launi, ja da shuɗi da kore, ya cika ruwa, ya haɗa wani ɗan inji mai hura iska da batirin solarmu. Can sai ya kwance bakin wata leda ya saki 'yan kifaye a ciki. Ba su wuce tsawon ɗan yatsa ba, gajeru masu ƙiba, da ɗan gashin baki. Suka nutse ƙasa kai tsaye suka shiga tonon tsakuwa da hanci.

Baba ya juyo. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kurungu ne wanga?"

"Danginsa ne, Baba, amma na ƙasar waje. Daga Kwatano aka kawo su. Iyakar girmansu ke nan."

"Iyakar girmansu?" in ji Baba. Sai ya yi dariya, rabin bakinsa na motsi rabi na tsaye. "Wanga ko ƙugiya ba ta san da zamansa ba."

Ina tsaye a bakin ƙofa da tiren abinci. Na ji daɗi, Allah ya sani na ji daɗi. Amma a ƙarƙashin daɗin akwai wani abu mai ɗaci. Dariyar da na yi wata da watanni ina nema, ga ta an zo da ita a leda daga Benin. Ranar Baba ya cinye abincinsa tas, yana ci yana kallon gilashi, yana sa wa Auta albarka. Ni na dafa abincin.

Auta ya tafi kafin la'asar kamar yadda ya saba. Ya bar mini gwangwanin abincin kifi da rubutun Faransanci a jiki, ya ce, "Yaya, kaɗan-kaɗan ake zuba musu." Iyakar bayanin da na samu ke nan.

Daga ranar sunansu ya zama kifin Auta. In maƙwabta suka shigo gaisuwa, Baba zai nuna da hannunsa mai lafiya ya ce, "Ku dibi abin da Auta ya kawo min." In na shiga share ɗaki ya ce, "Yi a hankali, kada ki ture kifin Auta." Ni kuwa da farko ko kallonsu ba na son yi. Ƙarin aiki ne kawai a wurina: ga Baba, ga ɗinkin mutane, ga kuma wasu halittu da ke jiran a goge musu gilashi.

Ba a yi nisa ba ruwan ya fara gurɓacewa. Ya yi fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa, ɗakin ya ɗauki wani wari. Sai da na laɓe na gano dalili. Duk abin da na kai wa Baba, sai ya gutsura ya jefa musu: tuwo, ƙosai, har ɗan curin fura. Da na yi magana ya ce, "Da mi kike zaton nake kama kurungu? Kifi ba ya ƙin tuwo." Gaskiyarsa ce ta wani ɓangare, amma Baba kamawa ya sani, bai taɓa rainon kifi ba. A kogi ruwa na tafiya da abin da ya rage. A akwati kuwa sai ya shige tsakanin tsakuwa ya ruɓe, kuma waɗannan kifaye a ƙasa suke kwana, a ƙasa suke kiwo, cikinsu na kan dattin.

Sai suka fara ciwo. Abin da na fara lura da shi gashin bakinsu ne, ya gajarce kamar an datse da almakashi, na wasu ma ya ƙare ƙaf. Cikin biyu daga cikinsu ya yi ja. Suka daina tono, suka lafe a kusurwa suna numfashi da sauri, ɗaya ya riƙa karkacewa gefe guda. Baba ya daina cin abinci shi ma. Wannan ne ya tsorata ni, don na ga bangon nan yana shirin sake jan fuskarsa.

Na kira Auta a waya. Ya ce shi ma bai san komai a kai ba, amma zai tambayi matar da ta sayar masa. Washegari ya kira ya ce matar ta ce a riƙa rage ruwan ana ƙara sabo, kada a canza duka lokaci guda, a kuma daina zuba abinci barkatai. Sauran ni na gano da idona. Na sa hannu na ɗebo tsakuwar nan mai launi, na murza a tafina, na ji tana da kaifi kamar fasasshen kwalba. Dabbar da ke tono da gashin baki yini guda a kan wannan, yaya gashin zai tsira? Na duba a waya na ga masu kiwon irinsu duk yashi mai laushi suke shimfiɗa musu.

Na ɗauki bokiti na tafi bakin kogi, wurin da Baba yake ɗaure kwalekwalensa a da. Na ɗebo yashi mai laushi, na tankaɗe shi da rariya, na wanke har ruwan ya fita garau, na zuba masa tafasasshen ruwa na bar shi ya huce. Na kwashe kifayen a roba, na fitar da tsakuwar duka. Abin da ya fito daga ƙarƙashinta baƙi ne ƙirin, mai warin kwata.

Baba yana kallona daga kan gado. Ya ce, "Wa ya ce ki taɓa duwatsun Auta?"

"Su ke yanka musu baki, Baba."

"Shi da ya sayo bai san haka ba, sai ke?"

Na shimfiɗa yashin, na mayar da rabin tsohon ruwan da na tace, na cika da na rijiya wanda ya kwana a randa. Da safe wanda yake karkacewar nan ya mutu. Na cire shi da cokali. Baba ya ce, ba da ƙarfi ba, kamar da kansa yake magana, "Suna zamansu lahiya, sai da aka sa musu hannu."

Na fita bayan ɗaki na yi kukana, na wanke fuska na dawo na ɗora tukunya.

Sauran sun warke. Kullum bayan sallar asuba sai na zuƙe ɗan ruwa daga ƙasa da siririn tiyo, in ƙara sabo. Jan cikin ya baje, suka koma tono, har suna cusa kai cikin yashi suna fesar da shi ta gefen wuya. Sannu a hankali gashin bakin ya fara tsirowa. A daidai lokacin ne Auta ya zo da wata 'yar kwalba mai shuɗin magani daga Malanbil, ya ɗiga a ruwan, ya tafi. Da abokan Baba suka zo, ina jinsa daga tsakar gida yana ba su labari: "Saura kaɗan su ƙare duka. Auta ya taho da magani tun daga Benin, ɗigo biyu, ka gan su nan garau." Na taka keken ɗinki da ƙarfi har allura ta karye.

Wani abin da ban shirya masa ba shi ne na fara son kifayen. Ban san ranar da abin ya shiga ba. Na san akwai wata babba mai faɗin ciki da na gane mace ce, da wani siriri mai tsoro da ba ya fitowa sai kowa ya ci. Na san yadda ɗayansu zai taso a guje ya haɗiyi iska a saman ruwa ya koma, abin da ya riƙa tsorata ni kafin in gane ɗabi'arsu ce. In bazara ta tsananta, ruwan ya ɗau zafi, sai in jiƙa buhu in rufa wa akwatin, in yi ta yi masa fifita kamar jariri. Son da nake musu bai rage kishin ba, ƙara shi ya yi. Da ina jin haushi ne a kan an ba ni aikin wani. Yanzu kuwa abin nawa ne ta kowace fuska, sai suna kawai.

Da aka rufe iyaka, kayan Benin suka yi wuya, gwangwanin abincin ya ƙare kuma Auta bai samo wani ba. Na gwada abincin tarwaɗa irin na masu kududdufi, sai na ga yana yawo a sama, su kuwa ba sa tasowa ci. Na riƙa jiƙa shi har ya nutse. Daga baya na koma haɗa nawa: in daka busassun ƙananan kifi da ɗan garin zogale, in kwaɓa da ruwan ƙwai, in shanya ya bushe, in farfasa ƙanana. Sannan ga tana, tsutsar nan ta ƙasa. Akwai danshi a bayan randunanmu inda ruwan wanke-wanke ke bi, can nake tono ta, in wanke, in yayyanka da reza. Ni da ko taɓa tana ba na iya yi da. In na zuba musu sai su yi cincirindo a kai, babbar macen tana ture kowa.

Maganar tuwon Baba kuwa, dabara na yi mata. Na samo ɗan murfin kwalba, kowace safiya in auna abincin yini a ciki in ajiye masa a gefen gado, shi zai zuba da kansa. Har ya fara ƙoƙarin riƙe murfin da hannun da ya mutu, yana tallafa masa da ɗayan. Wani yaron maƙwabta ya zo zai jefa musu biskit, Baba ya daka masa tsawa: "Kai! Auta ya ce ba a ba su komi sai da awo."

Gwaggonmu, ƙanwar Baba, ta zo daga Geza ta kwana biyu. Ita kaɗai na iya faɗa wa. Muna tsinke zogale a inuwa na zayyana mata komai, tun daga yashi har shuɗin magani. Ta saurara, ta ce, "Ke ma da neman magana. Ke ce ta fari. Tun da aka haife ki kin taɓa jin ya kama sunanki? Alkunya ce, ɗiyata. Haka uwayenmu suka yi muna."

Na ce, "Na sani, Gwaggo. Ban ce ya kira sunana ba. Amma alkunya ta hana a ce sannu?"

Ta ce, "Baƙo aka yi wa sannu. Wanda ke cikin gida ba a ganin shigarsa balle fitarsa."

Na san ta faɗa ne don ta sanyaya mini rai. Amma abin da na ji a zuciyata shi ne, to ni ma ina son in zama baƙuwa ko na yini ɗaya, in shigo da leda a hannu a yi murna da ni, in tafi kafin la'asar in bar wa wani wanke-wanke.

Ruwan farko na daminar shekarar ya sauka da yamma. Na tara a robobi, da safe na yi canjin ruwa da shi, mai sanyi ne fiye da na randa. Ban yi da wata manufa ba. Kafin hantsi akwatin ya rikice. Mazan suka bi babbar macen sama da ƙasa, ba hutu. Can na ga ta matse ƙananan fikafikan cikinta kamar mai riƙe da wani abu, ta hau jikin gilashi ta goga, ta sauko. A inda ta goga sai ga 'yan ƙwayaye manne, kamar ƙwayar gero. Ta yi ta yi, nan biyu, can huɗu, har kusurwar gilashin ta cika.

Na ce, "Baba, dubi! Ƙwai take sakawa."

Ya sa na ɗaga shi zaune, na jawo teburin kusa. Mutumin da ya fasa cikin kifi dubu ya ga ƙwai, bai taɓa ganin kifi na saka shi ba. Idonsa ya kawo ruwa. Na tsaya kusa da shi, kafaɗata na taɓa tasa, muna kallo tare. Na ɗan lokaci na ji kamar mu biyu ne kawai.

Sai ya ce, "Kira min Auta."

Na kira, na kara masa wayar a kunne. "Auta! Kihinka sun yi ƙwai! Wallahi hannunka na da albarka, ɗan nan."

Ina jin muryar Auta ƙasa-ƙasa yana cewa, "Baba, ai ni kawowa kawai na yi. Yaya ce ke ta wahala da su."

"I, ita ma tana taimakawa," in ji Baba.

Tana taimakawa. Na daɗe ina juya kalmar nan a raina. Ina cikin haka na lura iyayen sun fara cinye ƙwan, na sa yatsa a hankali na murgino sauran ɗaya bayan ɗaya, na mayar a wata roba da ruwan akwatin, na raba musu iskar injin. Waɗanda suka yi fari suka yi gashi-gashi na tsince su da tsinke don kada su ɓata na kusa. Bayan 'yan kwanaki sai ga wasu abubuwa kamar ƙaiƙayi masu wutsiya suna motsi a ƙasan robar. Na riƙa dafa ƙwai in murje ɗan gwaiduwa a ruwa in ɗiga musu, in zuƙe ragowar kafin ta lalace. Da yawa sun mutu. Waɗanda suka rayu, kafin kaka sun fito da kamannin iyayensu sak, har da ɗan gashin baki.

Auta ya zo ya gani, ya ce matarsa na so, ko zan ba shi wasu. Kafin in buɗe baki Baba ya ce, "Kayanka ne, mi za ka roƙa?" Ni na kama su da rariyar shayi, ni na ɗaure ledar. Na zaɓa masa masu ƙarfi, don ba zan iya cutar kifin ba ko da ina jin haushin mai shi.

Ba su yi wata guda a Illo ba suka mutu duka. Da labarin ya zo, ba zan ɓoye ba, wani sanyin daɗi ya ratsa ni. Na tausaya wa kifayen, amma na ce yau dai za a gane. Na shiga na faɗa wa Baba da kaina, na tsaya ina jiran abin da zai ce. Ya girgiza kai, ya ce, "Ruwan Illo ne. Tun da can ba shi da kyau."

Zuwan Auta na gaba, bayan ya gaida Baba, sai ya jawo kujera 'yar tsugune ya zauna kusa da keken ɗinkina, abin da bai saba yi ba. Ya ce, "Yaya, koya min. Wallahi ban san abin da na yi musu ba."

Na ci gaba da ɗinki na ɗan lokaci ban kalle shi ba. Sannan na tambaye shi abin da ya shimfiɗa musu a ƙasa. Ya ce tsakuwa mai launi. Na ajiye ɗinkin na faɗa masa komai, yashi da awon abinci da tana da ruwan sama, ban rage ko ɗaya ba. Yana ta gyaɗa kai. Da na gama ya ce, "Kin san abin da ya sa ba na daɗewa in na zo? Ba na iya ganinsa a kwance haka. In na zauna sai in ji ƙirjina zai fashe. Shi ya sa nake kawo abu in gudu."

Na ji shi, na kuma yarda da gaskiya yake faɗa. Amma ban ga abin da hakan ya rage mini ba. Ni ma ƙirjina ba na dutse ba ne, kuma ba ni da Illon da zan gudu. Na ce masa kawai ya tafi da bokiti ya ɗebi yashi a hanya, na sake ɗaure masa wasu 'ya'yan kifin.

Waɗannan sun rayu. A daminar bana har sun yi ƙwai a can, Auta ya turo hoto. Baba ya ce in kawo masa ya gani. Idonsa ya yi rauni yanzu, sai na riƙe wayar dab da fuskarsa. Hoton bai ma fita sosai ba, ɗigo-ɗigo ne a jikin gilashi da inuwar Auta a baya. Baba ya ƙura masa ido yana murmushi, yana cewa a kira masa liman da maƙwabta su zo su gani. Hannuna ya gaji, na canza zuwa ɗayan. Can hasken wayar ya dushe.

"Ya ɓace," in ji Baba. "Maido min shi."

Na taɓa gilashin wayar, hoton ya dawo, na ci gaba da riƙewa.